Gidan Sarki na Fanisau: daga sansanin yaƙi zuwa gidan gona

Mu nan Sakkwato, da an ce ribaɗi sai hankali ya tafi Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tare, ya rasu a 1837, aka kuma rufe shi. To amma yau daga nan Unguwar Rogo zan ja ku zuwa ƙasar Kano, wani gari da ke arewa maso gabas da birni, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Sunansa Fanisau, kuma a cikinsa akwai gidan gonar sarakunan Kano wanda ya kai shekara 200.

Ba don hutu aka fara gina shi ba. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo na Sulluɓawa, sai ƙasa ta yamutse da bore. Mafi taurin kai cikin masu boren shi ne Ɗan Tunku, wanda ya kafa kansa a wajen Ɗambatta yana kai hari har kusa da ganuwar Kano. Dabarar da Bello yake koya wa sarakunansa ita ce ribaɗi, wato a gina gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zuba mayaƙa da manoma, su noma su ci, su kuma tsare hanya. Ita Dabo ya bi a Fanisau, wuri mai duwatsu da ke kan hanyar da maharan ke biyowa. Da Baturen nan Clapperton ya iso Kano a Janairun 1824, a Fanisau ya sami Sarki yana shirin yaƙi da Ɗan Tunku. Ƙarshen wannan rigima shi ya haifar da masarautar Kazaure.

Gidan kansa ginin ƙasa ne, kuma duk wanda ya san yadda magina ke aiki a wancan zamani zai gane me ya sa irinsa ke daɗewa. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a tattake ta, a bar ta ta ruɓa na kwanaki, sannan a mulmula tubali da hannu, gindi mai faɗi kai mai tsini, a shanya. A jera shi tsininsa na kallon sama, a cike tsakani da ƙasa. Bangon yana farawa da kauri ƙwarai daga tushe, yana sirancewa yana hawa, shi ya sa ɗakin soro ke da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu.

Rufi shi ne inda gwani ke fita daban. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cin ta, amma tana da iyaka: in ta wuce kusan mita 2 ba abin da ya tokare ta, sai ta lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa. Don haka talaka ɗakinsa ƙarami ne. Mai son faɗi dole ya nemi maginin da zai ɗaure azara gaɓa-gaɓa, yana turo ta daga bango har ta haɗu a sama ta zama baka, a lulluɓe da ƙasa. In aka gicciya bakuna aka sami ɗaurin guga, to an sami soron da sarki zai zauna da fadawansa. A wannan zamanin ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai sana'ar ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya. Daga waje kuwa sai a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, rufi a dalaye shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Ruwan sama ya bi indararo ya zuba nesa da gindin bango.

Tsarin shiga bai bambanta da na kowane gidan Bahaushe mai hali ba, girma ne kawai ya ƙaru: zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida inda baƙo ba ya takawa.

Da ƙura ta lafa, sai aikin gidan ya sauya. Mayaƙa suka ragu, gandu ya faɗaɗa. Fanisau ta zama ɗaya daga cikin gandayen Sarki, kamar Ɗorayi da Nassarawa, ana noma gero da dawa a cika rumbuna, a ciyar da fada da dawakinta da baƙinta. A nan ne nake ganin masu ba da labarin gidan ke yin tsallake. Bayi ne suka yi wannan noma, yawancinsu kamun yaƙi. Su ke fita gandu tun safe a ƙarƙashin sarkin gandu, sai an tashi sannan kowa ya juya ga 'yar gayaunarsa. Aikin yaɓe da ake yi bayan kowace damina, wanda in babu shi ginin ƙasa ba ya kai labari, shi ma hannun talakawa da bayi ne. Dakta Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kan gandayen Fanisau, ya fito a 2011.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Sun ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma ba su soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, gonakin kewayen birni suka koma nomanta.

Gidan ya ci gaba da zama na Sarki, sai dai ya koma wurin ziyara. A al'adar fadar Kano, Hawan Ɗorayi ke rufe bukukuwan ƙaramar salla, Hawan Fanisau ya rufe na babbar salla: Sarki ya fita da hakimai a kan dawakai, ya yini a gidan, ya karɓi gaisuwa, da yamma a komo birni. Gonakin da suka raba Fanisau da ganuwa a zamanin Dabo kuwa, filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da fulotai da gidajen bulo sun cinye mafi yawansu.