Fara: Marmarin Kaka Da Ba A Shukawa

Fara ƙwaro ce mai tsalle da tashi, kuma tana cikin abubuwan marmari da ƙasar Hausa ke samu a wani yanki na shekara kaɗai. A garuruwan da ke kudu da birnin Sakkwato, irin su Dingyaɗi a ƙaramar hukumar Boɗinga da ƙauyukan Shagari, lokacinta yana kamawa ne daga ƙarshen damina, sa'ad da gero da dawa suka nuna, ya zarce zuwa cikin hunturu. Babu mai kiwonta, babu mai shuka ta. Abin da gona da daji suka bayar shi ake samu, shi ya sa wata shekarar take cika kasuwa, wata shekarar kuma sai an nema.

Sunan ya ƙunshi iri da dama. Akwai farar gona da ke zama cikin gero da ciyawa, wadda ita aka fi ci. Akwai babe mai girman jiki. Akwai farar ɗango, wadda ke tasowa daga hamada cikin rundunar da ke rufe sararin sama. Ita ce ta afka wa Muritaniya da Mali da Nijar a 2004, ta haɗu da ƙarancin ruwan sama, aka shiga matsananciyar yunwa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2005. Farar tumfafiya kuwa ba a cinta, domin tana tara dafin ganyen da take ci a jikinta.

Sanyi ne makamin masu kamu. Jikin fara yana bin zafin wurin da take, saboda haka da rana ba ta kamuwa sai da wahala, amma cikin dare ko da asuba takan lafe a kan kara da rassa. A lokacin ne ake bin ta da tocila ana tsinta ana zubawa a buhu. Daga nan sai a tafasa ta da gishiri, a shanya ta bushe, a cire fukafukai da ƙafafu, a soya da mai da albasa, a barbaɗa yaji. Busasshiyar fara tana jure ajiya da doguwar tafiya, kuma fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne. Mata da yara ne suka fi riƙe sana'ar, tun daga tsinta har zuwa talla.

Malaman Musulunci sun haɗu a kan halaccinta. Sai dai mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan yanki, ta shardanta a kashe ta da niyya ta hanyar da za ta mutu, kamar cire kai ko jefa ta cikin ruwan zafi. Wadda aka tarar ta mutu da kanta ba a cinta bisa mashahurin ra'ayin mazhabar.

Wannan hukunci ya yi daidai da babban haɗarin da ke tattare da fara a yau, wato maganin feshi. Gwamnati kan yi feshi ta jirgin sama a jihohin kan iyaka don yaƙar fara da tsuntsayen jan baki, manoma ma suna fesa wa wakensu magani. Farar da ta mutu ko ta galabaita da guba ta fi kowace sauƙin tsinta, kuma suya ba ta ba da tabbacin kawar da gubar. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana gargaɗin kada a ci farar da aka kwaso daga wurin da aka yi feshi. Amma mai saye a bakin tasha ba ya da hanyar sanin gonar da kwanonsa ya fito.

Siyasa ma tana shiga cikin kwanon. Kaso mai yawa na farar da ake ci a Arewa daga Nijar yake shigowa, kuma a jihar Sakkwato babbar ƙofa ita ce Illela, daura da Birnin Ƙonni. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A gabashin jihar kuma, wajen Isa da Sabon Birni, 'yan bindiga sun mayar da fita daji cikin dare kasada, alhali dare ne lokacin kamu.

Akwai ƙasar da ta ɗauki irin wannan kyauta ta daji da muhimmanci. A Italiya ana haƙo wani dangin naman kaza da ke girma a ƙarƙashin ƙasa kusa da saiwar itatuwa, suna kiransa tartufo, Larabawa kuma na kiran ɗan'uwansa na hamada kam'a. Farin nau'insa na garin Alba yana samuwa ne daga Oktoba zuwa Disamba, karnuka ne ke sansano shi, a kankare shi siriri a kan taliya ko ƙwai, kuma kilo ɗaya kan kai dubban yuro. Dokar ƙasar ta 1985 ta wajabta wa mai nemansa lasisi, ta kuma ƙayyade lokacin haƙa. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan farauta cikin jerin al'adun gado na duniya. A watan Nuwamban wannan shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta amince a sayar da wani nau'in fara a matsayin abinci a kasuwanninta, bisa sharaɗin a rubuta abin da ke ciki a jikin mazubi.