Lissafin Wata da Lissafin Damina a Zangon Kumasi

Gabatarwa

Fataucin goro ne ya kai Hausawa ƙasar Gwanja da ta Asante. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, kasuwar Salaga ce matattarar fatake. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, 'yan kasuwa da malamai suka yi ta gangarowa kudu, har Zangon Kumasi ya bunƙasa. Waɗannan baƙi sun zo da lissafin lokaci iri biyu: na wata domin ibada, na yanayi domin noma da tafiya. A sabon mazauninsu, na farko bai canza ba, na biyu kuwa sai da aka sake masa lale.

Lissafin wata

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maidowa. Yayin da yake kewaya duniya, ɓangarensa mai haske da ake hange daga ƙasa yana ƙaruwa, sa'an nan ya ragu. Daga nan aka sami jinjirin wata, da cikarsa a daren sha huɗu, da duhun wata a ƙarshe. Zagayen yana ɗaukar kwana 29 da rabi, shi ya sa wata kan yi kwana 29 ko 30. Siffar da aka gani a Kano ita ake gani a Kumasi, sai dai in hadari ya rufe sama. Don haka mutanen Zango suka ci gaba da ƙirga Watan Cika-ciki da Watan Azumi da Watan Babbar Salla kamar yadda suka baro a gida.

Lissafin yanayi

Yanayi kuwa ba ruwansa da wata. Duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana, saboda haka wurin da rana ke tsayawa tsakar ka yana matsawa arewa, ya komo kudu, damina na biye da shi. Kano, wadda ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, damina ɗaya take samu, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Kumasi ba ta kai digiri 7 ba, sai ruwa ya ratsa ta sau biyu: babbar damina daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Jerin bazara da damina da kaka da rani da Bahaushe ya sani bai zauna daidai a nan ba. Hunturu ne kawai tsohon sani, shi ma bai kai na arewa tsanani ba.

Madugu ba ya wasa da wannan bambanci. Da rani ayari ke tafiya, lokacin da koguna suka janye, jakuna ke iya ƙetarewa. Wanda damina ta rutsa a hanya yana iya asarar dabbobi da kaya.

Inda lissafan suka saɓa

Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365. Ratar kwana 11 ce ke sa azumi ya zagaya yanayi duka cikin shekara 33. A 2000 mutanen Zango sun yi azumi a farkon hunturu, a 2016 kuwa cikin ruwan watan Yuni. Ban da waɗannan, sun tarar da lissafin masu masauki, wato Adaduanan mai kwana 42, wanda da shi ake tsai da bikin Akwasidae a fadar Asantehene.

Kammalawa

Mazaunin Zango ya koyi riƙe lissafi uku: ya dubi wata don salla, ya dubi hadari don hanya, ya kuma kiyaye ranakun masu ƙasa don zaman lafiya.