Majajjawa a Gonakin Rijiyar Zaki

Tun kafin gine-ginen Kano su miƙa ta hanyar Gwarzo su haɗiye Rijiyar Zaki, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Ungogo, wannan wuri yana cikin ƙasar noman da ta kewaye ganuwa, inda gona take manne da gona, ba a barin fili ya huta ko damina ɗaya, domin jakuna na ɗauko taki daga birni a mangala, su koma da itace da hatsi. Irin wannan ƙasa ce Bature Michael Mortimore ya yi nazarinta, aka buga bayanin a 1965. Amma taki da noma ba su isa su kai hatsi rumbu ba, sai an tsare shi daga tsuntsu, kuma a bisa al'ada wannan nauyi a wuyan yara yake.

Idan gero ya zubar da bununi ya fara ido, wajen ƙarshen Agusta, sai tsuntsaye su riƙa saukowa daga ɗorawa da tsamiya, mafi sharrinsu kuwa janbaki, wanda yake zuwa runduna guda. In an gama da gero kuma ga dawa tana jiran nata tsaron har kaka. Ihu yana korar na kusa. Na can ƙarshen gona, wanda murya ba ta razana shi, sai majajjawa.

Kaifiyyar yinta ba wuya: a tufka igiyar rama ko ta kaba mai tsawon kamu uku ko huɗu, a saƙa mata mazauni a tsakiya ko a ɗinka guntun fata, a yi wa baki ɗaya zobe da za a zura a yatsa, ɗaya bakin a ƙulle shi a riƙe tsakanin babban yatsa da manuniya. Da yake ƙasar jigawa ce mai ƙarancin dutse, galibi hoge ake ɗorawa, ko guntun marmara, kuma hoge ya fi, domin yana tarwatsewa a kan zangarniya ba tare da ya fasa kan maƙwabci ba, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a inda iyakar gona taku kaɗan ce.

Sabon shiga yakan zaci ƙarfin dantse ne asirin abin, sai ya ɗaure kafaɗa ya yi ta juya igiya sama da kansa har ya gaji, daga bisani hogen ya faɗi kusa da shi ko ya tafi bayansa. Gwani kuwa juyi ɗaya ko biyu ya ishe shi. Yakan tsaya a karkace, nauyinsa bisa ƙafar baya, ya tura ƙasa da ita, ya taka da ta gaba ya kafe ta, sa'an nan ƙugu ya juya, ƙirji ya bi shi, kafaɗa ta biyo, hannu kuwa yana sake, shi ne na ƙarshen zuwa. Kowace gaɓa idan ta tsaya sai ta miƙa gudunta ga wadda ta fi ta sauƙi, kamar yadda bakin bulala yake fin mariƙinta sauri, har gudun duka ya taru a mazaunin hogen, wanda igiya ta nisanta shi daga kafaɗa ninkin tsawon hannu. Sakin ƙullin shi ne wurin da ake gane gwaninta, domin jinkirin ƙiftawar ido yana karkatar da jifa taku da yawa, kuma in an sake daidai bakin igiyar yakan yi ƙara, wadda ita kanta tana tayar da tsuntsu.

Wannan makami yana da daraja a tarihi fiye da yadda matsayinsa a gona yake nunawa. Malamai a wurin tafsirin Suratul Baƙara, idan sun zo ƙissar Annabi Dawuda, Alaihis Salam, da Jaluta, sukan kawo riwayar cewa da majajjawa ya kashe shi, kuma Hannibal na Kartaj, lokacin da ya tasam ma Rumawa a shekara ta 218 kafin Miladiyya, yana da 'yan majajjawa daga tsibiran Baliyar cikin rundunarsa.

Abin mamaki shi ne a Amurka ake ta nazarin wannan hikima a yau, a wani wasa da ake kira sofbol, wanda aka fara a Chicago a 1887, ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Mai jifa a wasan mata tana tsayawa kimanin mita 13 daga mai bugu, ta zabura gaba da ƙafa, ta kewaya hannu da'ira cikakkiya, ta saki ƙwallon daga wajen cinya; a 2012 Monica Abbott ta yi jifa mai gudun mil 77 a awa, kusan kilomita 124. Masu horar da masu jifan, da na'urorin ɗaukar hoto a hannu, abin da suke nanatawa shi ne ƙafa da ƙugu su fara, hannu ya zo a sake, wato dai darasin da yaron gona yake ɗauka daga wansa da kallo kawai.

Abubuwa uku suka taru suka kau da majajjawa. Da keke da mota suka yawaita, robar cikin taya ta samu, yara suka koma ga danƙo, wanda ya fi sauƙin saiti ko da bai kai ta nisa ba, kuma ba ya bukatar koyon tsayuwa da taku. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka buɗe a 1976 ya ɗauke yara daga gona da hantsi. Daga baya sabon mazaunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo ya jawo birni yamma, gonaki suka zama fulotai. Yaƙin janbaki kuwa a yau ya fi tsanani a fadamun Haɗeja da Nguru, inda gwamnati takan aika jirgin sama ya yi feshi a kan makwancinsu.