Kubernetes: aikinta da iyakar ikonta

Kubernetes manhaja ce da kamfanin Google ya fitar kyauta a 2014 domin sarrafa rukunin kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet. Akan ƙunshe kowane aiki cikin abin da ake kira kwantena. Idan kwamfuta ɗaya ta mutu, sai manhajar ta tayar da aikin a kan wata.

Sai dai ikonta bai kai ga turakun sadarwa ba. A Satumbar 2021, hukumomi sun katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Shafukan sun ci gaba da aiki, amma mazauna yankin sun shafe watanni ba su da hanyar isa gare su.