Jan Zoɓo da Wutar Rana: Ina Amfanin Yake?

Duk wadda ta taɓa jiƙa zoɓo ta san ɗigon lemun tsami yana ƙara masa ja, kanwa kuwa tana mayar da shi baƙi-baƙi. Sinadarin da ke wannan rikiɗa sunansa antosayanin, kuma yana cikin launukan tsirrai da masana ke gwadawa wajen samar da lantarki daga hasken rana.

Tushen dabarar shi ne aikin Brian O'Regan da Michael Grätzel da mujallar Nature ta buga a 1991. Ana shafa garin titaniyam dayoksaid a jikin gilashi mai ɗaukar wuta, a gasa, a tsoma cikin rini. Haske na bugun rinin sai ya saki ilektron, garin ya cafe ya miƙa wa waya, ruwan aidin kuma ya mayar wa rinin abin da ya rasa. Su da rinin ruteniyam suka yi aiki, ƙarfe mai ɗan karen tsada, suka juya kusan kashi 7 cikin 100 na hasken zuwa wuta. Tsadar ce ta sa hankali ya koma kan ganye da fure.

Sai dai rinin tsirrai bai ko kama ƙafar wannan ba. Gwajin zoɓo da wuya ya kai kashi 1, alhali faifan sola na kasuwa yana ba da kusan kashi 20, ya kuma shekara ashirin yana aiki. Kulorofil, wato koren ganye, ba ya manne wa garin sosai, kuma da an raba shi da ganye sai rana ta koɗar da shi, domin ganye mai rai kullum cikin sabunta nasa yake. Ba da rinin tsirrai za a busar da cittar Kachia ko a haska asibitin ƙauye ba.

A ganina gurbinsa makaranta ne, kuma wannan ba ƙaramin gurbi ba ne. Kudancin Kaduna na da yakuwa da lalle, ga kurkur da ake nomawa kusa da citta. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ya haɗa irin wannan na'ura da hannunsa, ya fita da ita rana, ya ga mita ta motsa, ya gane abin da allo bai gwada masa ba, kuma gobe shi zai koyar da yaranmu.

Kirana ga masu bincike a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan: kada ku tsaya ga ƙarfin wutar ranar farko. Ku auna kwana nawa rinin ke yi kafin ya koɗe, da damina da lokacin hunturu, ku buga sakamakon yadda ya zo.