Tarihin Gaya: Ƙofar Gabas ta Ƙasar Kano

Gaya tsohon gari ne a gabashin Jihar Kano, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Wudil zuwa Dutse da Maiduguri. Shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gaya, kuma mazaunin Masarautar Gaya, wadda a yanzu ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. An san garin da daɗaɗɗiyar alaƙarsa da kafuwar birnin Kano, da kuma tawayen da wani sarkinsa ya yi wa Sarkin Kano Dadi.

Asali

Labarin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, har ya yada zango a gindin Dutsen Dala, kuma daga sunansa birnin ya samo suna. Maƙeran Kano da ake kira Abagayawa suna danganta kansu da shi. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya tabbatar da cewa ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Wannan labarin baka ne ya sa Gayawa ke ɗaukar garinsu a matsayin wanda ya girmi Kano.

Zamanin sarakunan Haɓe

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, ya ambaci sarautar Gaya a zamanin Sarki Yakubu ɗan Abdullahi Burja (1452 zuwa 1463). A lokacin ne Agalfati, ɗan Sarkin Machina, ya zo Kano a matsayin Sarkin Gaya, tare da 'yan'uwansa uku da suka zama sarakunan Haɗeja da Dal da Gayam. Zuwansa ya biyo bayan buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja a zamanin Burja. Ayarin da ya fito daga gabas ta wannan yanki yake bi kafin ya ga ganuwar Kano, haka ma rundunar yaƙi. Saboda haka mai riƙe da Gaya ya zama babban bafade da Kano ba ta iya yi ba tare da shi ba, ba ta kuma iya sakankancewa da shi.

Tawayen Farin Dutse

A zamanin Sarkin Kano Dadi (1670 zuwa 1703), wanda mayaƙan Kwararafa suka shiga birnin Kano a mulkinsa, Sarkin Gaya Farin Dutse ya ɗaga kai. Shekara uku cur ya hana Kano haraji. Dadi bai ci shi a fagen fama ba, sai ya yaudare shi da gayyatar ganawa, da ya zo aka kashe shi.

Kisan bai karya Gaya ba. Farin Dutse shi ne mahaifin Mariyama, ita kuwa ita ta haifa wa Dadi ɗansa Muhammadu Sharefa. Da Dadi ya rasu, jikan ɗan tawayen ne ya hau gadon sarautar Kano (1703 zuwa 1731), kuma Gayawa suka sami faɗa a ji a fada. A zamanin Sharefa aka ƙara haraji iri-iri, har da na Kasuwar Kurmi, aka gina ganuwa a garuruwa da dama, kuma wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa a matsayin kuɗi.

Jihadi da Basasa

Bayan masu jihadi sun ci Sarkin Kano Alwali a Ɗanyaya a 1807, mulkin Haɓe ya ƙare, sarautar Gaya ta koma hannun Fulani a ƙarƙashin Sarkin Kano. A Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 gabashin Kano ya sake zama fagen fama: Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da suka ƙi mubaya'a ga Sarkin Kano Tukur, sun yi sansani a Takai, Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Alu ya ja rundunar har ta ci birni. Bayan Turawa sun kama Kano a 1903, Gaya ta zama gunduma, Sarkin Gaya kuma hakiminta.

Masarautar yau

A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Rano da Ƙaraye da Bichi, aka ba Alhaji Ibrahim Abdulƙadir sanda. Ya rasu a 2021, ɗansa Aliyu ya gaje shi. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, sannan a watan Yuli wata doka ta dawo da Gaya a daraja ta biyu, ƙarƙashin Sarkin Kano, Aliyu Ibrahim ya koma kan karagarsa.