Babbar Ƙaurar Nyumbu a Serengeti

Babbar ƙaurar nyumbu wani zagaye ne da garkunan namun daji ke yi kowace shekara tsakanin gandun dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya da na Masai Mara a Kenya. Nyumbu sunan dabbar ne da harshen Swahili, Turawa kuma suna ce mata wildebeest. Dangin kanki ce, tana da gemu da ƙahoni irin na saniya. An daɗe ana ƙiyasta yawansu da sama da miliyan 1, kuma jakunan dawa da bareyi dubbai kan bi su.

Yadda tafiyar take

Ruwan sama ne ke jagorantar garkunan, shi ya sa lokacin tafiyar kan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara. Daga Janairu zuwa Maris suna zaune a filayen kudancin Serengeti, wajen Ndutu, inda tokar dutse mai aman wuta ta sa ciyawar ke da sinadaran da masu shayarwa ke buƙata. A nan suke haihuwa, akasari a watan Fabrairu, cikin makonni kaɗan. Haihuwa a lokaci guda tana rage ɓarnar zakuna da kuraye, domin ba za su iya cinye 'ya'yan duka ba.

Idan filayen suka bushe sai su nufi yamma zuwa kogin Grumeti, sannan arewa. Tsakanin Yuli da Oktoba suke tsallaka kogin Mara. Kadoji na kama wasu, amma nutsewa da turereniya sun fi kisa. A Nuwamba suke juyowa kudu.

Tarihi

A farkon shekarun 1960 yawansu bai kai 300,000 ba, saboda cutar bushiya da suke ɗauka daga shanu. Da aka yi wa shanun yankin rigakafi sai suka ninku. Hukumar UNESCO ta sanya Serengeti cikin wuraren gado na duniya a 1981.

Yawon buɗe ido da barazana

Kallon tsallake kogi shi ne ya fi jan baƙi, kuma ƙasashen biyu na samun kuɗin shiga sosai. Sai dai cunkoson motoci a bakin kogi kan tare wa dabbobin hanya. Shingen gonaki ya durƙusar da ƙaramar ƙaurar filayen Loita a Kenya, sannan saran dajin Mau, mafarin kogin Mara, yana barazana ga ruwan da garkunan ke sha da rani.